Fashin baƙi: An ce tattalin arziki ya fara miƙewa, to me ya sa kantar mai shagon unguwa ke ramewa?

Tambayar da ake ta yi a majalisa da cikin keke da teburin mai shayi a garin Jos kenan. Tunda gwamnati ta ce tattalin arziki na bunƙasa, hukumar ƙididdiga ta NBS kuma kusan duk wata sai ta fito ta ce hauhawar farashi ta ragu, to ina sauƙin ya maƙale? Mai shagon layinmu wanda a da in ka shiga wajensa sai ka karkace kafin ka wuce tsakanin kaya, yanzu katan ɗin da ba komai a ciki yake jerawa a saman kanta dan kar shagon ya yi kama da wanda ɓarayi suka kwashe. Wasu sun ce ƙarya gwamnati take shararawa, wasu sun ce a'a 'yan kasuwa ne ba sa tsoron Allah, kaya sun sauka sun ƙi saukewa. Kowanne a cikinsu yana da 'yar gaskiyarsa, amma akwai abin da dukansu suke tsallakewa, kuma shi ne yake cinye ƙananan sana'o'i a ɓoye ba tare da an ji ƙararsa ba.

Wai karayar tattalin arziki muke ciki ko kuwa?

Masana suna da mudunsu na awo. Suna tara darajar duk abin da ƙasa ta samar, noma da man fetur da masana'antu da bankuna da sadarwa da sufuri, jimillar ita ce ake ce wa GDP, kuma duk wata uku ake aunawa. In aka auna sau biyu a jere aka ga raguwa yake maimakon ƙaruwa, to shi ne suke cewa ƙasa ta shiga karayar tattalin arziki. Da wannan mudun sau biyu muka faɗa ramin a shekarun nan. Na farko a 2016 zamanin Buhari, lokacin da gangar ɗanyen mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta rikito ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ga kuma masu fasa bututu a yankin Neja Delta, sai a 2017 aka fito. Na biyu a 2020 lokacin kullen korona, shi ma an ce a watanni ukun ƙarshe na shekarar aka fita.

Daga 2023 zuwa yanzu kuwa, a takarda ba karaya muke ciki ba. A 2024 ma cewa aka yi tattalin arzikin ya ƙaru da kashi 3.4 cikin ɗari. Toh amma ka tuna mu kanmu ƙaruwa muke da sama da kashi 2 duk shekara, kenan tuwon ya ɗan ƙaru amma hannayen da ke cikin kwanon ma sun ƙaru. Sannan ina ne aka samu ƙarin? Mafi yawa a bankuna ne da kamfanonin sadarwa da makamantansu, wuraren da kuɗi ke da yawa amma ma'aikata kaɗan ne. Banki zai iya cin ribar da bai taɓa ci ba a shekarar da mai suyar masa a Gangare ta rage kwaɓinta daga mudu biyar zuwa biyu, kuma duka biyun gaskiya ne, babu wanda ya yi ƙarya.

Abin da ke damunmu sunansa daban. Kuɗin da ke hannunka ne ya rasa ƙarfi. Ga misali mai sauƙi: a farkon 2023 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, litar mai kuma tana wajen 195, kenan albashin zai sayi lita 150 da 'yan kai. A Yulin 2024 aka mayar da albashin 70,000, ya ninka har da ɗoriya, amma zuwa Oktoban shekarar lita ta haura 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja, kenan lita 70 ma da kyar. Albashi ya hau, mai albashi ya sauka.

"Hauhawar farashi ta ragu" ba ya nufin kaya sun yi araha

Nan ne aka fi samun rashin fahimta, kuma laifin masu karanta labarai ma yana ciki dan ba sa tsayawa su warware. Hauhawar farashi gudun da farashi ke yi ake aunawa, ba inda ya tsaya ba. A ce abu yana naira 1,000, bana ya hau da kashi 30 ya koma 1,300. Baɗi sai aka ce hauhawar ta ragu zuwa kashi 15, to abin nan 1,495 zai koma, ba zai dawo 1,000 ba. Kaman motar da ta taso daga Mararraban Jama'a a guje ne direba ya ɗan ɗaga ƙafa daga totur, gudun ya ragu amma gaba take ci, ba ribas ta saka ba.

NBS ta ce a Disambar 2024 hauhawar ta kai kashi 34.8, na abinci kuma ya taɓa haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Da aka shiga 2025 sai hukumar ta sabunta yadda take lissafin, ta canza shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024 ta kuma sake nauyin kayan da ke cikin kwandon awon, sai lambar Janairu ta fito 24.48. Wannan faɗuwar ta dare ɗaya ba a kasuwa ta faru ba, a ofis ta faru, mudun aka canza. Daga baya kam lambar ta ci gaba da sauka har ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen 2025, kuma gaskiya hatsi ya sauko, wanda ke zuwa kasuwar Katako ya sani. Amma magani da kuɗin makaranta da haya da kuɗin mota da sabulu, waɗannan in sun hau bishiya ba su san hanyar saukowa ba.

Daga ina wutar ta taso

Ba rana ɗaya aka fara ba. Tun kafin Tinubu ya zo gwamnatin baya ta ci bashin Babban Bankin ƙasa, wato CBN, har naira tiriliyan 22.7, wanda a zahiri buga kuɗi ne ba tare da kaya sun ƙaru a kasuwa ba, kuma duk inda kuɗi suka yi yawa kaya suka yi kaɗan ai an san sauran. Sai canjin kuɗi na Emefiele, gwamnan CBN na lokacin, da aka sanar a Oktoban 2022, aka janye tsofaffin 200 da 500 da 1,000 ba a saki sababbin da za su wadata ba. Wanda ya ga kasuwar gwari ta Farin Gada a Fabrairun 2023 ba zai manta ba, tumatur da kabeji da karas ba sa jiran netwok ya dawo, manomi ya kawo kaya daga ƙauye ba shi da asusun banki, mai saye ba shi da tsabar kuɗi, haka aka dinga rabuwa da kwando a wulaƙance. Masu kaji su ma ƙwai ya taru musu ba mai ɗauka. Jarin mutane da yawa tun a nan ya samu rauni, tun kafin babban dukan ya zo.

Babban dukan guda biyu ne, kuma tsakaninsu kwana 16 kacal. Ranar 29 ga Mayun 2023 a wajen rantsuwa shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi, kafin sati ya zagayo lita ta haura 500 a nan Arewa, a Yuli ta kai 617. Ranar 14 ga Yuni kuma CBN ta saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar gwamnati da ke wajen 460 ta tsallaka 700 nan take, zuwa Fabrairun 2024 'yan canji suna kiran sama da 1,800. Daga baya, a 2025, ta lafa ta zauna a kewayen 1,500.

Wani zai ce ni da nake sayar da gawayi ina ruwana da dala. Ai ita dalar tana da ruwa da kai. Alkamar da ake fulawar burodi da taliya da indomi daga waje ake shigo da kusan dukanta, haka madarar gari, haka yawancin magani ko sinadaran haɗa shi, haka taya da batir da kayan gyaran motar da ta ɗauko maka gawayin. Jos kuma ba ta da teku, duk abin da ya sauka a Legas sai ya hau tirela ya sha dizal ya biya na kan hanya kafin ya hawo dutsen nan. Ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da ya sa aka rufe boda har zuwa Maris ɗin 2024. Ga namu na gida, rikicin da ya addabi Mangu da Bokkos da Barikin Ladi tun 2023, wuraren da masara da dankalin Turawa ke fitowa, mutum ba ya noma gonar da yake tsoron zuwa.

Yadda jari ke narkewa mai shi yana ganin riba yake ci

Wannan shi ne zuciyar maganar, dan haka bari in ɗan zauna a kai.

A ce mai shago yana da jarin naira 500,000, misali ne kawai dan lissafi ya yi sauƙi. Ya saro katan 50 na taliya a kan 10,000 kowanne. Ya sayar a 10,800, ya tashi da 540,000, ribar 40,000 kenan, alhamdulillahi. Ya cire 30,000 ya yi cefane ya biya kuɗin Islamiyyar yara, dan daga shagon nan ake ci. Ya koma wajen dila da 510,000, har yana jin daɗi jarinsa ya ƙaru da 10,000, sai aka ce masa Alhaji ai katan ya koma 12,500. Katan 40 zai ɗauka. Ya dawo ya sayar a 13,300, ya sake cin riba, ya sake cire na cefane wanda shi ma ya ƙaru dan shi ma saye yake a wajen wasu, ya koma sari aka ce 15,000. Yanzu katan 33 kuɗinsa za su ɗauka, ban ma saka kuɗin mota da na 'yan dako ba. Sawu biyu kacal, daga 50 ya dawo 33, kuma ko sau ɗaya bai sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro ba. In ka duba littafinsa riba ce sama da ƙasa, in ka duba kantarsa kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Shi jari ba da lambar kuɗi ake auna shi ba, da yawan kayan da zai iya maidowa kanta ake auna shi. Tsofaffin 'yan kasuwa sun san haka, shi ya sa a 2024 in ka tambayi farashi sai ka ji an ce "bari in kira Singa in ji yadda aka tashi yau", ko a kira Onica ko Legas, sannan a faɗa maka. Mu masu saye mukan ji haushi, mu ce ai tsohon kaya ne tun na watan jiya me ya sa za ka ƙara masa kuɗi. Na taɓa faɗa wa wani dattijo mai shagon kayan masarufi haka, sai ya ce min "Ɗana, in na sayar maka a farashin jiya, gobe in ka dawo me za ka tarar?" Ban samu amsa ba wallahi. Wanda ya ji kunyar maƙwabta ya ci gaba da sayarwa a tsohon farashi shi ne ya fara rufe shago, kuma mutanen da ya ji kunyar tasu su ne suka fara cewa ai bai iya kasuwa ba ne.

To in kaya suka sauka fa, me ya sa ba ya saukewa da wuri? Wani lokacin kayan da ke gabansa a tsada ya saro su, in ya bi sabon farashi daga uwar kuɗi zai yanka. Wani lokacin tsoro ne, ya ga dala ta sauko wajen 1,100 a Afrilun 2024 kowa ya yi murna, kafin wata biyu ta sake hawa, to wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Wani lokacin kuma, mu faɗi gaskiya, haɗama ce tsagwaronta. Akwai masu ɓoye kaya, akwai ƙungiyoyin kasuwa da ke yanke farashi su ci tarar wanda ya sauke. Amma masu ƙarfin yin haka manya ne masu sito, ba mai tebur a bakin Terminus ba wanda in bai sayar yau ba gidansa ba a ɗora tukunya.

Littafin bashi ya fi kanta nauyi

Kasuwancin unguwa a kan bashi yake tafiya, sama da ƙasa. A da dila zai ba ka kaya ka je ka sayar ka kawo kuɗi bayan sati biyu, da yawan yaran da suka tashi a kasuwannin Kwararafa da Dilimi da Katako haka suka fara ba su da ko sisi sai amana. Yanzu dila ya ce kuɗi hannu, kuma ba mugunta ba ce, in ya ba ka kaya yau ka biya shi bayan sati biyu kuɗin ba za su maido masa kayan ba. Shi ma kamfani ya daina ɗaga masa ƙafa, sabida kamfanin bashin banki yake juyawa, CBN kuma dan ta rage gudun farashi ta ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024 kaɗai, bankunan kasuwanci su kuma su ɗora nasu a kai. Ka ga mai shagon da bai taɓa taka ƙofar banki neman rance ba, wataƙila ma yana gudun riba ne saboda addini, amma kuɗin ruwan ya biyo ta bayan gida ya same shi.

Ta ƙasa kuma masu karɓa sun ƙaru. Ma'aikacin da a da yake karɓar kaya ranar 25 ga wata ya biya ranar 30, yanzu tun ranar 10 yake aiko yaro da 'yar takarda. Maƙwabciyar da mijinta ya rasu za ta aiko a ba ta garin kwaki da sukari, yaya za ka yi, ka ce a'a? Kuna haɗuwa a masallaci da wajen suna da jana'iza. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma bashin wannan zamanin ko an biya ka an rage maka, dan 5,000 ɗin da aka karɓi kaya da ita a watan Rajab ba ita ce 5,000 ɗin bayan sallah ba. Adashi ma da mata ke tara jari da shi ya shiga wannan matsalar, mai kwasar farko ta ci, mai kwasar ƙarshe bayan wata goma kuɗinta sun zama ruwa, in ma ba a watse a hanya ba. Masu neman mafita a manhajojin bashi na waya kuwa, waɗanda in ka yi lattin kwana biyu za su tura wa surukinka saƙo cewa kai ɓarawo ne, wannan labarin wata rana ne.

Wuta da mai da sauran ƙananan ɓeraye

Akwai sana'o'in da wuta ce jarinsu: mai walda, mai niƙa, tela, mai aski, mai cajin waya, mai ƙanƙara da fiyawata. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato layin da ya fi samun wuta, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage zuwa 200 da 'yan kai. Wanda ke kan layin yana samun wuta amma bil na neman kashe shi, wanda ba ya kai kuma janareta ce, ita kuma ba ta san ana wahala ba. Mai aski ba zai iya ninka kuɗin aski sau biyar kaman yadda mai ya ninka ba, in ya yi haka kowa zai sayi kilifa ya koma gida, sai ya ƙara kaɗan ya haɗiye sauran.

Ɗan keke ma haka. Tunda an daɗe da hana acaɓa a cikin Jos da Bukur keke ce abin hawan talaka, amma shi direban kafin ya ga nasa sai ya cire na mai ya cire balas ɗin mai keke ya cire tikiti, fasinja kuma sun koma tafiyar ƙafa, daga Unguwar Rogo zuwa Terminus mutum zai ce ai motsa jiki ne. Da gwamnatin jiha ta kawo bas ɗin Tin City Metro a 2024 ma'aikata da ɗalibai sun samu sauƙi sosai, amma ka tambayi masu tasi da ke bin hanyar Bukur su faɗa maka nasu. Sai cajin POS, sai naira 50 da aka dinga cirewa in an turo maka 10,000 ko sama wanda daga Disambar 2024 ya haɗa har da su OPay da Moniepoint, sai masu rasit kala-kala, sai mai ginin shagon ya ce haya ta ƙaru dan siminti ya hau duk da shagon tun kafin a haife ka aka gina shi. Ko wanne shi kaɗai ba komai ba ne. Kuma kar a manta babbar kasuwar Terminus tun gobarar Fabrairun 2002 ba ta dawo ba, dubban mutane a bakin titi da rumfunan wucin gadi suke kasuwancinsu, irin wanda rana ɗaya ta dokar hana fita, kaman wadda aka saka lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, ta isa ta ruɓar da kayan gwarin mutum gaba ɗaya.

Abin da ya canza a cikin gida

Awo ne ya fara canzawa. Mai sayen buhu ya koma mudu, mai mudu ya koma gwangwani, man gyaɗa daga galan zuwa kwalba zuwa ɗaurin leda. Abin takaicin shi ne sayen kaɗan-kaɗan ya fi tsada, talaka ya fi mai kuɗi biyan kuɗin shinkafa in ka lissafa a mudu. Nama ya zama baƙo, awara da ƙashi suka karɓi aikinsa, gwate da a da ake yi dan marmari ya zama abincin rana da dare a wasu gidajen dan ganye ya fi hatsi araha a nan. A 2024 har afafata, wadda a da masu casar shinkafa ke warewa a ba kifi ko a zubar, sai da ta zama abin nema a kasuwannin Arewa. Masu gas sun koma gawayi, a garin da in sanyin Disamba ya sauko ba mai iya taɓa ruwa sai an dafa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na magani. Kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara nasa ya bar ƙasar nan a Agustan 2023, magungunan asma da wasu na kashe ƙwayoyin cuta suka yi tashin gwauron zabi, yanzu a kemis za ka ji mutum na cewa a ba shi na kwana biyu in ya samu kuɗi zai dawo, mai hawan jini kuma yana shan na yau ya tsallake na gobe. Yara ana cire su daga makarantar kuɗi, ita kuma ƙaramar makarantar unguwa da ta rasa ɗalibai sai ta kasa biyan malamanta, malamin ya kasa biyan mai shago. Haka abin yake zagayawa, kashe kuɗin wani shi ne cinikin wani. Tela yana jiran sallah, sallah ta zo uba ya ce bana a wanke na bara.

Su waye ke da gaskiya a gardamar

Masu kare gwamnati suna cewa ba yadda za a yi a ci gaba da tsohon tsari. A 2022 kaɗai tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, wani man ma a Kamaru da Nijar da Benin ake shansa, kuma manyan 'yan takara uku na 2023, Tinubu da Atiku da Obi, kowanne ya ce zai cire. Dala mai farashi biyu kuma masu uwa a gindin murhu kawai take azurtawa, su karɓa a 460 su tsallaka titi su sayar a 750. Suna nuna cewa yanzu Naira ta daina rawa, asusun ajiyar waje ya haura dala biliyan 40, kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai, matatar Dangote ta fara fitar da fetur tun Satumbar 2024. Bankin Duniya da IMF suna tafa musu.

Masu suka, da ƙungiyar ƙwadago a gaba, ba lallai suna cewa kar a cire ba ne, cewa suke an yi wa mara lafiya tiyata biyu a sati biyu ba allurar kashe zafi. Ba a tanadi motoci ba, ba a gyara albashi ba sai bayan shekara, tallafin da aka raba kuma wanda ya samu mudu biyu na shinkafa ya yi sa'a. Sannan aka ce kowa ya ɗaure ciki amma a 2023 'yan majalisa suka karɓi manyan motoci, a 2024 aka sayo sabon jirgin shugaban ƙasa.

Ni dai a nawa ganin maganar farko gaskiya ce, ta biyun kuma ta fi ta zafi. Kuma akwai tambayar da ya kamata mu rage jefa wa Abuja mu fara jefa wa gwamnoni da ciyamomi, dan kuɗin da aka cire daga bakin famfon gidan mai wani kaso mai tsoka wajensu ya koma. Sannan ko tsarin ya yi daidai a ƙarshe, wanda jarinsa ya narke a 2024 ba wanda zai dawo masa da shi. NBS da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i sun ƙiyasta ƙanana da matsakaitan sana'o'i a ƙasar nan sun kusa miliyan 40, kusan dukansu irin na mutum ɗaya ne da yaronsa, ba rajista ba inshora, in sun mutu ba a sanarwa, sai dai ka wuce ka ga kwaɗo a ƙofa, bayan wata biyu ka ga mai shagon yana jan keken wani ko ya tafi haƙar kuza a bayan Bukur.

Sauƙin hatsi da abin da ke iya biyo baya

A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, aka kuma samu damina mai kyau, sai hatsi ya sauko a 2025. Mu na gari mun ji daɗi, masu kaji da abincin kaji ya kora daga sana'a wasu sun fara leƙowa. Amma manomin da ya sayi taki da maganin feshi da kuɗin tarakta a farashin sama ya zo ya sayar da masara a farashin ƙasa, nasa jarin ne yanzu yake narkewa, irin narkewar da ta samu mai shago sai dai ta ɗaya gefen. Haka wanda ya sayi hatsi ya ajiye yana jiran ya hau, da yawansu sun ƙone, duk da su kam ba kowa ke tausaya musu ba.

In manomi ya lissafa ya ga buhun masara ba ya sayen buhun taki, abin da zai yi a bayyane yake, zai rage gonar masara ya koma waken suya ko wani abin da ba ya cin taki, ko ya noma daidai na bakinsa. Wannan shawarar a watan Afrilu da Mayu ake yanke ta a ƙauyukan Mangu da Saminaka da Lere, mu kuma ba za mu ji ta a jikinmu ba sai wajen Yuli da Agustan shekara mai zuwa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, mai awo a Katako ya ɗaga waya ya ce bari ya kira Mangu ya ji yadda aka tashi ranar Juma'a.